Aiki daga gida: ƙwazon mutum ake aunawa ko ƙarfin sabis ɗinsa?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai fahimtar da ni, musamman ku da kuke riƙe da ma'aikata daga nesa. Inda nake aiki duk daga gida muke yi, kowa da inda yake zaune. To duk sanda aka zo auna ƙwazo, mutane ɗaya ne a sama, mutane ɗaya ne a ƙasa, kamar an riga an rubuta. Da na lura da kyau sai na ga na saman nan kusan duk masu faiba ne a gida (wayar intanet mai gudu da ake ja har cikin gida), ga laftof mai ƙarfi ga ɗaki nasu na kansu, na ƙasan kuwa su ne masu jona laftof da datar waya, wuta na ɗaukewa su ma sun ɗauke. Kuma wasu a cikin na ƙasan na san aikinsu, wlh ba ragwaye ba ne. Tambayata ita ce, kamfani ƙwazo yake aunawa ne ko ƙarfin sabis? In kuma sabis ɗin ake aunawa, ma'aikacin ne kaɗai ke asara ko shi ma kamfanin kansa yake cuta bai sani ba?

Tsohon_Manaja:
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Lissafi ni fa zan faɗi abin da ba a son ji. Duk wanda ya karɓi aikin gida ya san da intanet ake yinsa, ba wanda ya ɓoye masa. Abokin ciniki ba ruwansa da sabis ɗinka ya ɗauke, shi dai ranar da aka yi masa alkawari ya sani. Na daɗe ina riƙe da mutane, na kuma ga yadda "netwok ne oga" ta zama mafakar duk wanda bai gama aikinsa ba. Ban ce kowa haka yake ba, amma manaja ba shi da yadda zai bambance mai gaskiya da wanda barci ya kwashe, sai dai ya dubi abin da ya iso hannunsa.

Bintu_Zane:
Yallaɓai Tsohon_Manaja, da a ce abin da ya iso hannu kawai ake dubawa ai da da sauƙi. Matsalar a miting take. Bari in faɗa maka yadda nawa yake kasancewa. Ana cikin magana wani abu ya zo min, na buɗe makirufo na fara, kafin muryata ta isa wajensu wani ya riga ya fara tasa, sai mu yi karo, in yi shiru shi ma ya yi shiru, mu sake farawa tare, ƙarshe in bar masa don kar in zama mai katse mutane. In na dage kuma sai shugabar sashe ta ce "Bintu muryarki na yankewa, rubuta mana a gefe". To wa ke karanta rubutun gefe ana tsaka da gardama? Haka maganata za ta zauna a wajen, can gaba wani mai sabis mai kyau ya faɗi kusan abin da na rubuta da baki, a ce masa madalla. Ƙarshen shekara sai in ga an rubuta min wai ba na yawan ba da gudummawa a taro. Zane na kuwa ba a taɓa dawo min da shi ba.

Gimbiya22:
Wlh Anti Bintu kamar kin shiga zuciyata. Ni har na haƙura da magana a miting, ina dai jin su.

Injiniyan_Sadarwa:
Abin da Bintu ta kwatanta ba ƙarancin gudun intanet ba ne ma, jinkiri ne, kuma mutane suna yawan haɗa su. Gudu shi ne yawan abin da layinka zai iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya, jinkiri kuwa tsawon lokacin da maganarka za ta ɗauka kafin ta isa can. Kana iya gwada layinka ka ga megabit 20 ka ji daɗi, amma kira ya ƙi yi. Hukumar sadarwa ta duniya ITU ta daɗe da ba da shawarar cewa in ana son hira ta tafi daidai, kada jinkirin zuwa ya wuce milisakan 150 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Wanda ke amfani da tauraron ɗan'adam irin na da, mai nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, zuwa da dawowa yana cin kusan milisakan 600, ba laifin kowa ba ne, nisa ne kawai. Taurarin kamfanin Starlink suna kusa, wajen kilomita 550, shi ya sa nasu jinkirin ya ragu sosai. Datar waya kuma ita matsalarta rashin tabbas, yanzu ta yi kyau anjima in mutane sun cika kan turken sabis ɗaya ta rikice.

Abu na biyu, kamfanonin intanet lambar saukewa suke tallatawa, amma kiran bidiyo turawa yake buƙata. Zoom da kansu sun ce bidiyo mafi kyau a taron mutane da yawa yana son kusan megabit 3 zuwa 4 wajen turawa, murya zalla kuwa ko kilobit 100 ba ta kai ba. Kun ga dokar "dole kowa ya kunna kyamara" ba nauyi ɗaya take ɗora wa kowa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuma, akwai binciken da aka yi a Jamus aka fitar a 2014, an sa wa mutane jinkirin da ya kai daƙiƙa 1.2 a kira, sai masu sauraro suka riƙa ɗaukar wanda ke can a matsayin wanda hankalinsa ba ya wajen, ko marar sakin fuska. Wato laifin layi ake ɗora wa halin mutum, kuma mai ɗorawar bai ma san yana yi ba.

Mai_Lissafi:
Injiniya Allah ya saka, wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da nake zargi. Yallaɓai Tsohon_Manaja ka gani ko, ba sai manaja ya yi niyyar zalunci ba.

Tsohon_Manaja:
Na gani, kuma na yarda da na miting ɗin. Amma ku fa duba, bincike ya nuna aikin gida yana ƙara ƙwazo, ba na wani farfesa a Amurka da ake ta ambato ba? In haka ne ai tsarin ba shi da laifi, sai dai mutum ya gyara nasa ɓangaren.

Daliba_Mai_Bincike:
Baba Manaja ina jin na Nicholas Bloom kake nufi, na jami'ar Stanford, wanda suka yi da kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a China aka wallafa a 2015. Eh gaskiya ne, masu amsa kira da aka tura gida na wata 9 ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, barin aiki ma ya ragu da kusan rabi. Amma akwai abin da masu kafa hujja da shi ba sa faɗa. Kafin a saka ka a gwajin sai ka cika sharaɗi: ka yi aƙalla wata 6 a kamfanin, kana da intanet mai ƙarfi a gida, kana kuma da ɗakin da za ka keɓe ka yi aiki. Cikin mutum ɗari biyar da 'yan kai da suka nuna sha'awa, 249 ne kawai suka shiga. To kashi 13 ɗin nan sakamakon waɗanda suka riga suka mallaki kayan aiki ne, su Anti Bintu tun a bakin ƙofa aka tace su. Sannan ko a cikin waɗanda suka cancanta ɗin, an ga ƙarin girma ga na gida ya ragu da kusan rabi in aka kwatanta da na ofis masu ƙwazo irin nasu. In mai faiba da ɗaki ana mantawa da shi don ba a ganinsa, ina ga wanda hotonsa ma ba ya fitowa.

Shiru_Kake_Ji:
Hhhh Daliba ta zo da takardu, Baba Manaja sai haƙuri.

Tsohon_Manaja:
Ba komai ɗana, ai don haka ake tattaunawa. Amma har yanzu ba a amsa min ba, wa zai biya? Kamfani zai ja wa kowa faiba ne har gida?

Lauya_Ba_Kotu:
Wasu ƙasashen sun riga sun amsa wannan da doka Yallaɓai. A Sifaniya dokar aikin nesa ta 2021 ta ce wanda ke yin aƙalla kashi 30 cikin 100 na lokacinsa daga gida, kamfani ne zai ba shi kayan aiki ya kuma ɗauki kuɗin da aikin ke ci. Fotugal ta yi tata a ƙarshen 2021, ta sa kamfani biyan ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin gida ya jawo, har ta hana oga neman ma'aikaci bayan lokacin tashi sai da larura. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma tun kafin korona akwai sashe na 2802 na dokar ƙwadago da ya wajabta mayar wa ma'aikaci abin da ya kashe saboda aiki, har da kason kuɗin wayarsa in da ita yake aikin. Hujjarsu mai sauƙi ce, da a ofis kake ai ba kai ke sayen tebur da wuta da intanet ba, don ka koma gida bai kamata hayar ofis ta dawo aljihunka ba. Sai dai wannan duk na ma'aikaci ne mai takardar ɗauka, masu aikin kwantiragi ta intanet yawanci ba wanda ke kare su, kuma su ne suka fi yawan fama.

Dan_Kwantiragi:
Ka taɓo mu Barista. Mu ai in layi ya yanke ana tsaka da kira da mai aiki, ba gargaɗi ba komai, sai dai ka ga ya rage maka tauraro a makin da ake ba aikinka, kuma taurarin nan su ne abincinka gobe.

Hajiya_Maaikata:
Ni a ɓangaren kula da ma'aikata nake, bari in faɗi abin da na gani game da kuɗin. A 2020 Google ta ba ma'aikatanta dala 1,000 kowanne don su haɗa wajen aiki a gida, kamfanoni da yawa suka kwaikwayi salon, kowa a ba shi daidai da na kowa a ce an yi adalci. To mu ma mun gwada irin haka da ɗan abin da muke iyawa. Wanda dama yake da komai ya sayi kujera mai laushi da fitilar da za ta haska masa fuska a bidiyo, wanda ba shi da tsayayyiyar wuta ya zuba duka a batir da inbata bai ma isa ba, wata kuma ta ce min Hajiya ko nawa za ku ba ni babu kamfanin da ya ja waya zuwa inda nake, me zan saya? Ratar sai ma ta ƙara fitowa fili, don yanzu na farkon ya ƙara kyau a sikirin. Daga baya muka koma tambayar kowa abin da ya fi tsaya masa, wani laftof, wani layi na biyu na wani kamfanin daban don in ɗaya ya faɗi ya koma ɗayan, wani kuma kuɗin zama a wajen aiki na haya kwana biyu a mako. Ya fi wahalar lissafi kuma akwai masu ƙorafin an fifita wasu, amma shi ya fi aiki. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Shiru_Kake_Ji:
Hajiya ni dai a rubuta min fitilar fuskar nan, ko a miting a san ina da kyau.

Mai_Tsaron_Bayanai:
Ku bar ma maganar tausayi, Baba Manaja da ke tambayar wa zai biya, kamfani yana biya ko ya so ko bai so ba, ta bayan gida ne kawai. Duk ma'aikacin da aka bari da tsohuwar kwamfutarsa ta gida ƙofa ce a buɗe. Ita ce yara ke saka wasanni a kai, ita ce ke da manhajar sata, wata ma ba ta karɓar sabuntawa. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma kwamfutoci da yawa ba za su hau Windows 11 ba don ba su da guntun tsaron nan na TPM 2.0. Su waye ke riƙe da irin waɗannan? Su ne dai na ƙasan jerin Mai_Lissafi. Kuma kar a ɗauka ƙananan kamfanoni kawai abin ke samu, kutsen da aka yi wa LastPass a 2022 ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyansu aka bi, ta wata manhajar kallon bidiyo da ba a sabunta ba, aka dasa masa abin naɗar duk abin da ya danna. Kamfanin da sana'arsa ajiye kalmomin sirri kenan fa.

Wani abin kuma, in VPN ɗin kamfani, wato hanyar tsaro da ake bi a shiga rumbun bayanansa daga nesa, yana sa layin mutum jan ƙafa, kashe shi zai yi ya tura fayil ta WhatsApp ko imel ɗinsa na kansa don ya cika alkawari a kan lokaci. Ba mugunta ba ce, an matsa masa ne. Ni na fi ganin laifin wanda ya tsara aikin bai tambayi irin layin da mutane ke da shi ba.

Uwar_Uku:
Ana ta maganar layi da kwamfuta, ni tawa matsalar ƙofa ce. Intanet ɗina lafiya lau, amma ba ni da ɗakin da zan rufe. Teburin da nake aiki a kai shi ne yara ke yin aikin makaranta, ƙaramin kuma bai san wani abu wai shi miting ba, in ya ga fuskoki a sikirin sai ya zo ya gaishe su. Shi ya sa kullum makirufona a kashe, kyamara ma haka, sai a ɗauka ba na nan. Abokin aikina namiji in ya shiga ɗakinsa ba mai ƙwanƙwasa masa har ya fito. Ban ce laifinsa ba ne, amma in ana lissafin kayan aiki a sa da shiru a ciki, shi ma ba kowa ke da shi ba.

Abu_Hanif:
Gsky Maman yara, amma wannan kam ya wuce hurumin kamfani, sai dai a sasanta a gida. Kar mu ɗora wa oga har da renon yara.

Uwar_Uku:
Ban ce ya yi min reno ba Malam, cewa na yi kar ya auna ni da yawan kunna kyamara. Ya duba rahotannina.

Kunne_Ya_Huta:
Bari ni ma in sa baki, ni ba na ji sosai, da rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo nake bin taro. In mai magana layinsa na yankewa rubutun sai ya zama shirme, in kuma harshensa bai yi kama da wanda aka horar da na'urar a kai ba, nan ma shirme. An yi bincike a Stanford a 2020 a kan na'urorin mayar da magana rubutu na Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, aka ga kuskurensu a kan maganar baƙaƙen fata na Amurka ya kai kusan kashi 35 cikin 100, na farare kuwa 19. Duk 'yan ƙasa ɗaya kenan masu yare ɗaya, balle wanda Turancin ma koyonsa ya yi. To raunin layin wani ni ma yana shafata ko da nawa layin garau yake. Yanzu kuma da aka koma barin na'ura ta rubuta taƙaitaccen bayanin taro, wanda ba ta fahimci maganarsa ba sunansa ma ba zai fito a ciki ba.

Mai_Lissafi:
Kai, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Mu ma yanzu na'ura ke rubuta mana bayanin miting, kuma shugaban sashe shi yake karantawa in bai halarta ba.

Dan_Kwantiragi:
Ku ƙara da manhajar sa ido. Wani aikin sai ka saka abin da ke ɗaukar hoton sikirin ɗinka lokaci lokaci yana ƙirga motsin linzamin kwamfuta (mouse) da madannai. Ina zaune ina jiran fayil mai nauyi ya gama hawa, ba abin da zan taɓa, ita kuma tana rubuta ba na aiki. Mai layi mai gudu ya tura nasa cikin ƙiftawar ido ya wuce, ni an yanke min lokaci an kuma sa min jar alama.

Shiru_Kake_Ji:
Ai akwai ɗan abin da ke motsa linzami da kansa hhh, ba ni na faɗa ba.

Hajiya_Maaikata:
Kar ka jefa yaron mutane a masifa. A 2024 bankin Wells Fargo ya sallami mutum fiye da goma kan zargin irin wannan, wai suna nuna kamar suna danna madannai alhali ba sa nan. Amma ni abin da na ɗauka a labarin, duk inda aka ce motsin hannu ake biya to motsin hannu za a samu.

Tsohon_Manaja:
To naji duka. Ni ma ban yarda da manhajar leƙen nan ba. Amma ku ba ni abin da zan maye gurbinta da shi, don in ba miting ba kyamara ba sa ido, da me manaja zai san ana aiki?

Mai_Rubuta_Manhaja:
Da rubutu Yallaɓai. Akwai kamfanonin da ba su da ofis kwata kwata irin GitLab, mutanensu a warwatse a ƙasashe da dama, kuma kusan komai nasu a rubuce yake a wani kundin aiki da kowa zai iya buɗewa a intanet. Automattic masu WordPress.com su ma haka, rubutu ya fi yawa a kan kira. In shawara a rubuce ake yanke ta, aka ba mutane yini ɗaya ko biyu su sa baki, to mai faiba da mai datar waya sun zama ɗaya, don rubutu ko da layi mai rauni zai tafi, in ma ya ƙi yanzu zai tafi anjima. Inda nake mun rage miting, wanda ya zama dole ana aiko abin da za a tattauna tun kafin lokaci, a naɗe shi, kuma ba a rufe magana sai wanda layinsa ya yanke ya karanta ya ce wani abu. Sannan in mutum ɗaya daga nesa yake to kowa ta kwamfutarsa zai shiga, ba wai biyar su zauna a ɗaki ɗaya suna dariya shi yana jin amsa kuwwa ba. Abin mamaki wanda ya fi kowa kama kurakurai a tsarinmu wani ne da a da ko muryarsa ba mu sani ba.

Daliba_Mai_Bincike:
Yaya ina tare da kai amma kar a mai da rubutu maganin komai. An duba ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka a farkon rabin 2020, aka ga da aka koma gida mutane sun ƙara dogaro da saƙo da imel, kuma kowane sashe ya ƙara rufewa a kan kansa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Waɗannan fa masu kayan aiki ne na gani na faɗa. Rubutu kuma yana da tasa ratar, wanda ya iya harshen kamfanin sosai zai rubuta shafi guda cikin sauƙi ya burge kowa, wanda ya fi iya bayani da baki ya koma baya. Sabon ɗauka ma yana shan wuya, don abin da zai koya da ɗan leƙe da tambaya a gefe yanzu sai ya rubuta a fili kowa ya ga bai sani ba.

Mai_Rubuta_Manhaja:
Haka ne ƙanwata, amma rubutu ana koyonsa a wata kaɗan, faiba kuwa ba ka isa ka koya ba in ba a ja ta zuwa wajenka ba.

Alkalami_Ja:
Ni duk ina ganin kuna maganar waɗanda suka samu shiga ne. ITU ta ce a 2023 kusan mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam, kusan kashi ɗaya cikin uku na duniya. A 2020 wasu masana biyu na jami'ar Chicago, Dingel da Neiman, sun ƙiyasta kashi 37 cikin 100 na ayyukan Amurka ne za a iya yi gaba ɗaya daga gida, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Yanzu kuma wasu masu ɗaukar aiki tun a fom suke cewa ka turo hoton gwajin gudun intanet ɗinka, in bai kai ba ko takardunka ba za a buɗe ba. To kamfanin da ke alfaharin yana ɗaukar gwani daga ko'ina a duniya, a gaskiya daga unguwannin da aka ja wa waya yake ɗauka. Wannan asarar ba za ta taɓa fitowa a lissafinsa ba don bai san wanda ya rasa ba.

Abu_Hanif:
Wannan kuma aikin gwamnatoci ne da kamfanonin sadarwa, ba na mai ɗaukar ma'aikata goma ba. In ni ne da ɗan ƙaramin kamfani kuma aikin amsa kiran abokan ciniki ne, wlh ni ma sai na nemi gwajin layi, ba zan ɗauki wanda kira zai riƙa yankewa a hannunsa ba.

Bintu_Zane:
Na amsa kira na yarda Malam Abu, aikin ne ya buƙata. Amma ni mai zane ce, fayil nake turawa, me ya haɗa ƙarin girmana da kyan hotona a Zoom? Abin da nake cewa kenan tun ɗazu, a ware aikin da layi ne jigonsa da wanda aka ɗora masa layin don son ganin fuska kawai.

Mai_Lissafi:
Na gode kwarai jama'a, na ƙaru. Akwai zaman da za mu yi da shugaban sashe kan yadda ake auna ƙwazo, ina son in kai masa abu biyu ko uku da ba za su ci kuɗi ba, don na san in na fara da maganar saye zai ce babu kasafi. Ina tunanin cire "yawan magana a taro" daga ma'auni, da barin kyamara ta zama ganin dama. Me kuke ganin zan ƙara?

Injiniyan_Sadarwa:
Ka nemi a tambayi kowa irin layinsa da kwamfutarsa da yanayin wutarsa, amma ba tare da suna ba, in ba haka ba mutane ɓoyewa za su yi don tsoron kar a ce ba su cancanta ba. Kuma a gwada a lokacin da ake miting, ba da tsakar dare da layi ke gudu ba.

Tsohon_Manaja:
Kyamara ganin dama ban yarda ba gaba ɗaya, aƙalla a kunna a gaisa a farko sannan a kashe, mutane suna buƙatar sanin fuskar juna. Kuma shawarata kar ka je masa da maganar adalci, ka je masa da aiki ɗaya takamaimai da ya makara ko aka maimaita saboda wani bai ji abin da aka yanke ba, ka lissafa masa awannin da suka tafi. Ai kai mai lissafi ne.

Hajiya_Maaikata:
In ya yarda da tambayar da Injiniya ya ce, ka tabbata an faɗa wa mutane me za a yi da amsar kafin su cike. Na ga inda aka tattara irin wannan bayanin da sunan taimako, da aka zo rage ma'aikata sai aka ɗauko shi.

Gimbiya22:
To wannan ne ma abin tsoron. Ni dai ko ba suna ba zan rubuta gaskiya ba, a sashenmu kowa ya san wacece mai jona waya. Injiniya don Allah wane irin layi na biyu ya kamata in nema, na wani kamfanin waya daban ko in tara in sayi na tauraro?